Idan Fatar Babban Mutum Ta Fara Ɓawo Kamar Jikin Kifi

Da zarar hunturu ya kama, fatar mutane da yawa takan bushe. Ƙafa ta yi fari fat, dunduniya ta yi faso, leɓe ya tsage. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Idan aka yi wanka aka shafa man kaɗanya ko basilin, sai fata ta yi laushi. Idan damina ta sauka kuma, sai a manta da zancen.

Amma akwai wata irin bushewar fata da ba ta jin mai, kuma ba ta tafiya ko da hunturu ya wuce. Fatar takan yi kaushi, ta tsattsage gida-gida, ta yi ɓawo kamar jikin kifi. Idan irin wannan ta fito wa babban mutum wanda a da fatarsa lafiya lau take, to abin dubawa ne. Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa wani ciwo ne a cikin jiki yake aiko da saƙo ta fata. Daga cikin irin waɗannan cututtuka akwai waɗanda garkuwar jiki ce take juyowa ta yaƙi mai ita.

Yadda fata take sabunta kanta

Fata ba ta zama wuri ɗaya. Kullum sabuwa tana fitowa daga ƙasa, tsohuwa tana zubewa daga sama. Cikin kamar mako 4 fatar sama takan sauya. Tsohuwar takan zube a hankali kamar gari, ba tare da mutum ya lura ba. Maciji yakan yi saɓa gaba ɗaya, amma ɗan Adam kaɗan-kaɗan yake tasa.

Idan wannan aiki ya sami matsala, sai tsohuwar fata ta ƙi zubewa. Sai ta taru, ta yi kauri, ta bushe, ta tsage. Shi ne ake ganin ɓawo. Likitoci suna kiran wannan hali iktiyosis. Kalmar ta fito ne daga sunan kifi a harshen Girkanci.

Ɓawon ya fi fitowa a ƙwauri, da cinya, da bayan hannu, da gadon baya. Yawanci ba ya taɓa hammata, da cikin gwiwar hannu, da bayan gwiwa, domin wuraren suna da danshi. A jikin baƙin mutum ɓawon yakan yi toka-toka ko ya yi duhu. Wani yana ƙaiƙayi, wani ba ya yi.

Akwai ta gado, akwai wadda ake samu daga baya

Fatar kifi iri biyu ce. Ta farko ta gado ce. Ita tun mutum yana yaro take bayyana, kuma sau da yawa akan sami wani a dangi mai irinta. Takan tsananta da hunturu, ta yi sauƙi da damina. Mafi yawan masu ita suna rayuwarsu lafiya, abin da suke bukata shi ne yawan shafa mai.

Ta biyu ita ce wadda take fito wa mutum bayan ya girma. Ga ido, babu wani bambanci tsakaninta da ta gado. Bambancin yana ga lokacin da ta fara. Saboda haka tambayar farko da likita zai yi ita ce: yaushe abin ya soma? Idan mace mai shekara 30 ta ce bara ya fara mata, kuma babu mai irinsa a gidansu, to dole a nemi dalili.

Cututtukan da kan jawo ta

Abubuwan da aka sani suna jawo fatar kifi ga babban mutum sun haɗa da:

1. Rashin abinci mai gina jiki, ko zawo mai daɗewa.
2. Kuturta, da tarin fuka, da ƙanjamau.
3. Ciwon ƙoda da ya daɗe.
4. Raunin halittar nan ta gaban wuya, wadda idan ta kumbura ake kira maƙoƙo.
5. Ciwon daji, musamman na kaluluwa.
6. Wasu magungunan asibiti, kamar wasu na rage kitse a jini, da ɗaya daga cikin magungunan kuturta.
7. Cututtukan da garkuwar jiki take yaƙar jiki.

Na bakwai ɗin nan ba su kai sauran yawa ba. Amma su ne jama'a suka fi rashin sani. Shi ya sa masu su sukan daɗe suna yawon neman magani kafin a gano abin da ke damunsu.

Idan mai gadi ya juya wa masu gida

Allah Ya halicci jiki da garkuwa. Aikinta shi ne ta gane ƙwayar cuta idan ta shigo, ta kashe ta. Misalinta kamar karen gadi ne, wanda ya san mutanen gida, ya kuma san baƙo. To wani lokaci wannan garkuwa takan rikice. Sai ta daina bambanta ɗan gida da ɓarawo, ta kama cizon jikin da take gadi.

A cikin jiki akwai wani irin nama mai kama da zare, wanda yake ɗaure sassan jiki wuri guda. Yana cikin fata, da gaɓoɓi, da hanyoyin jini, da huhu, da ƙoda. Aikinsa kamar na ciyawar da ake kwaɓawa da ƙasar gini ne don bango ya yi ƙarfi. Idan garkuwa ta far wa wannan nama, ciwo yakan bayyana a wurare da yawa lokaci guda. Mutum ya ji gaɓoɓi, ga fata ta sauya, ga kasala, ga zazzaɓi.

Abubuwa da dama ne suke haɗuwa kafin garkuwa ta rikice. Akwai halittar da mutum ya gada. Akwai sinadaran jikin mace, shi ya sa abin ya fi kama mata. Akwai kuma abubuwan da suke tayar da ciwon, kamar zafin rana da shan taba. Waɗannan cututtuka ba sa yaɗuwa. Ba a ɗaukarsu ta cin abinci tare, ko kwanciya tare, ko gaisawa.

Ciwon lufus

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne ciwon lufus. Sunan yana nufin kerkeci a harshen Latin, domin likitocin da can sun ga tabon da yake bari a fuska kamar cizon dabba. A shekarar 1872 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, mai suna Moritz Kaposi, ya bayyana cewa ciwon ba a fata kaɗai yake tsayawa ba, yana taɓa cikin jiki.

Cikin mutum 10 masu lufus, kamar 9 mata ne. Ya fi kama mace a shekarun haihuwa, wato daga 15 zuwa 45. Binciken da aka yi a Amurka da Ingila ya nuna ya fi yawa ga baƙar fata, kuma ya fi yi musu tsanani.

Alamominsa sun haɗa da:

1. Ciwon gaɓoɓi da kumburinsu, musamman yatsu da wuyan hannu da gwiwa.
2. Gajiya mai yawa ko ba a yi aiki ba.
3. Zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, an sha maganin cizon sauro bai daina ba.
4. Ƙuraje ko sauyin launi a kumatu biyu da karan hanci, kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai.
5. Ƙuraje da suke tashi idan an shiga rana.
6. Zubewar gashi.
7. Miki a cikin baki ko hanci, wanda sau da yawa ba ya zafi.
8. Ƙarancin jini.
9. Kumburin ƙafa da fuska, da fitsari mai kumfa.

Ba lallai ne mutum ɗaya ya tara dukkan alamomin ba. Ciwon yakan tashi, ya kwanta, ya sake tashi. Wannan ne yake ruɗar mutane. Idan ya kwanta sai a ce maganin wane ne ya yi aiki, alhali ciwon yana nan.

Lufus yana kawo ɓawo ta hanya biyu. Ta farko ita ce fatar kifi da aka yi bayani, kuma ita ba ta cika faruwa ba. Ta biyu ita ta fi yawa. Wasu tabbai ne masu zagaye kamar kwabo, masu ɓawo manne a kansu. Sukan fito a fuska, da cikin kunne, da fatar kai. A jikin baƙin mutum, gefen tabon yakan yi baƙi, tsakiyarsa ta yi fari ko ja. Idan aka bar shi ya daɗe a kai, gashin wurin ba ya sake fitowa. Wasu mutane a fata kaɗai ciwon yake tsaya musu. Wasu kuma yakan shiga cikin jiki, shi ya sa ake bukatar awo.

Babban haɗarin lufus yana ga ƙoda. Ƙoda takan fara lalacewa shiru, ba tare da mutum ya ji zafi ba. Awon fitsari ne yake tona asirin abin tun da wuri. Awo ne mai sauƙi, kuma ana yinsa a asibitoci da yawa.

Ciwon fata da tsoka

Na biyu shi ne wanda likitoci suke kira damatomayosaitis, wato kumburin fata da tsoka. Shi ƙarfin kafaɗa da na cinya yake ragewa. Mace ta ga ta kasa ɗaga taɓarya. Ta kasa ɗaga hannu ta taje kanta. Namiji ya kasa ɗora kaya a ka, ko ya tsuguna ya kasa miƙewa sai ya dafa bango. Wani ma haɗiyar abinci takan yi masa wuya.

A fata kuma, fatar ido takan kumbura ta yi duhu. Ƙuraje masu ɓawo sukan fito a kan gaɓoɓin yatsu ta bayan hannu, da gwiwar hannu, da gwiwa. Gefen yatsu yakan yi kaushi ya tsage, kamar hannun mai aikin ƙarfi. Idan babban mutum ya kamu da wannan ciwo, likita yakan bincika ko akwai ciwon daji a ɓoye, domin wani lokaci tare suke tafiya.

Ciwon ƙandarewar fata

Na uku shi ne sikilerodama, wato fata mai tauri. Yakan fara daga yatsu. Su kumbura, daga baya fatar ta ɗaure, ta yi ƙyalli, har a kasa mintsininta. Yatsu su lanƙwashe, baki ya tsuke. Idan an taɓa ruwan sanyi, yatsu sukan yi fari ko su yi duhu, su yi zugi. A jikin baƙin mutum akan ga ɗigo-ɗigon fari da baƙi a goshi ko ƙirji, kamar an barbaɗa gishiri. Fatar takan bushe ta yi ƙaiƙayi. Ciwon yakan jawo ƙwannafi da wahalar haɗiya, kuma yana iya taɓa huhu da ƙoda.

Ciwon bushewar ido da baki

Akwai kuma wanda yake busar da hawaye da yawu. Wani likitan ido ɗan ƙasar Suwidin mai suna Henrik Sjogren ne ya yi cikakken bayaninsa a shekarar 1933, kuma da sunansa ake kiran ciwon. Mai shi yakan ji kamar yashi a ido. Ba ya iya haɗiye busasshen abinci sai da ruwa. Haƙora su yi ta lalacewa, fata ta bushe ƙamas. Ya fi kama matan da suka fara manyanta.

Kada a ruɗe da sauran cututtukan fata

Ba kowane ɓawo ko tabo ne ciwon garkuwa ba. Akwai cututtukan da suka fi yawa a karkara, kuma suna kama da shi.

Makero yakan yi zagaye da ɓawo, ya fi kama kan yara, kuma yana yaɗuwa ta aska da mataji. Yana jin maganinsa, gashi kuma yakan dawo. Ƙazuwa tana da ƙaiƙayi mai tsanani da dare, kuma takan bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

Kuturta kuwa babbar alamarta ita ce tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi. Ma'aikacin lafiya yakan sa mutum ya rufe ido, ya shafa auduga a wurin. Idan bai ji ba, to akwai alamar kuturta. Tabon lufus yana jin taɓi. Kuturta tana warkewa da maganin wata 6 ko wata 12, kuma tun shekarar 1995 ake bayar da maganin kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin maganin yakan sa fata ta yi duhu, ta bushe, ta yi ɓawo. Wannan yakan wuce a hankali bayan an gama shan magani, saboda haka ba dalilin dainawa ba ne.

Akwai kuma ciwon da yake kama waɗanda kusan masara kaɗai suke ci, babu gyaɗa, babu wake, babu nama ko kifi. Fatar wuya da bayan hannu da ƙafa, inda rana take duka, takan yi baƙi ta yi ɓawo. Yakan zo da zawo, wani lokaci da ruɗewa. Wannan yana jin magani da gyaran abinci.

Tun da cututtukan suna kama da juna haka, ido kaɗai ba ya isa. Mai kemis ba zai iya rabewa ba, maƙwabci ma haka. Awo ne yake rabe su.

Abin da za a tarar a asibiti

Matakin farko shi ne asibitin da ya fi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su rubuta takarda zuwa babban asibiti. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, su ne wuraren da akan tura irin waɗannan marasa lafiya.

Yana da kyau mara lafiya ya shirya amsar waɗannan tambayoyi tun daga gida. Yaushe fatar ta fara sauyawa? Akwai mai irinta a dangi? An rame? Ana gumin dare ko tari? Akwai kaluluwa a wuya ko hammata? Gaɓoɓi suna ciwo? Idan mace ce, ta taɓa yin ɓari? A tafi da duk magungunan da ake sha ko ake shafawa, har da na gargajiya, a nuna wa likita. Ɓoye wa likita magana cutar kai ce.

Za a auna jini da fitsari. Za a iya yin gwajin ƙanjamau da na tarin fuka, kuma wannan ba zargi ba ne, hanya ce ta tace dalilai ɗaya bayan ɗaya. Akwai gwajin jini na musamman da yake nuna ko garkuwa tana yaƙar jiki. Wani lokaci akan yanki ɗan ƙaramin yanki na fata, bayan an kashe zafin wurin, a duba shi da madubin likita. Gano irin wannan ciwo yakan ɗauki lokaci, sai an yi haƙuri da zirga-zirga.

Akwai magani?

Waɗannan cututtuka suna kama da hawan jini da ciwon sukari. Ba a tumɓuke su gaba ɗaya, amma ana kwantar da su, mutum ya ci gaba da noma da sana'a da hidimar iyali. A shekarun 1950, kusan rabin masu lufus ba sa wuce shekara 5 bayan an gano ciwon. A yau, a ƙasashen da magani ya wadata, fiye da 9 cikin 10 suna wuce shekara 10, da yawansu har su tsufa. Abin da ya kawo wannan sauyi shi ne gano ciwo da wuri da shan magani a kan ƙa'ida.

Babban maganin lufus shi ne haidirokisikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da aka sani. Ana shansa kullum, ko da an ji sauƙi. Mai shansa yana bukatar likitan ido ya riƙa duba shi lokaci-lokaci. Idan ciwo ya tashi, likita yakan ba da firedinisolon don ya kwantar da shi da sauri, sannan ya riƙa rage shi a hankali. Idan ƙoda ko huhu ko tsoka ta taɓu, akwai wasu magunguna masu ƙarfi da ake ƙarawa.

Ita kuma fatar kifi, idan aka shawo kan ciwon da ya jawo ta, sau da yawa takan yi sauƙi ko ta wuce. Idan ta dawo, yana iya zama alamar ciwon ya sake tashi.

Kula da fata a gida

1. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ƙwarai ba.
2. A rage sabulu, a guji sabulun wanki da mai ƙarfi.
3. Kada a dirje fata da dutse ko soso mai kaushi har ta yi jini.
4. Da fitowa daga wanka, tun jiki da danshi, a shafa man kaɗanya ko basilin. Mai yana tsare ruwan da ke cikin fata ne, shi ya sa ya fi amfani a jiƙaƙƙen jiki.
5. A shafa mai aƙalla sau 2 a rana, a ƙara da hunturu.
6. Likita yana iya rubuta man da yake tausasa ɓawo ya zubar da shi. A yi amfani da shi yadda aka ce.
7. Mai lufus da mai ciwon fata da tsoka su guji rana mai zafi. A sa malafa, da riga mai dogon hannu. A yi aikin gona da sassafe ko da yamma.
8. Mai ƙandarewar fata ya riƙa sa safar hannu da ta ƙafa lokacin sanyi, ya guji ruwan sanyi.
9. A ci abinci gauraye: gyaɗa, wake, zogale, ganye, ƙwai, kifi, nono, gwargwadon hali.
10. A bar shan taba.

Abubuwan da suke ƙara ɓata lamari

Na farko shi ne sayen firedinisolon ko dangoginsa a kemis ba da izinin likita ba. Maganin yana sa a ji sauƙi nan da nan, shi ya sa yake yaudara. Idan aka daɗe ana shansa barkatai, yana kawo hawan jini, da ciwon sukari, da raunin ƙashi, da kumburin fuska. Kuma wanda ya daɗe yana shansa, idan ya daina rana ɗaya, yana iya faɗuwa rai a hannun Allah. Likita ne kaɗai yake rage shi.

Na biyu shi ne man bilicin da man shafawa na haɗe-haɗe. Da yawansu suna ɗauke da irin wannan magani. Suna sa fata ta yi siriri, suna kuma ɓoye alamomin da likita yake nema.

Na uku shi ne yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki da ake sayarwa a kasuwa. Suna iya ƙarasa ƙodar da ciwo ya riga ya taɓa. Haka ma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Na huɗu shi ne tsaga, da ƙona tabo, da shafa toka ko ruwan batir ko man juye. Waɗannan suna mai da ƙaramin tabo ya zama gyambo.

Mace mai lufus da haihuwa

Mace mai lufus tana iya aure, tana iya haihuwa. Abin da likitoci suke so shi ne ciwon ya kwanta kamar wata 6 kafin ta ɗauki ciki. Wasu magungunan suna cutar da ɗan tayi, sai an sauya su tun da wuri. Wasu kuma ana ci gaba da shansu har a haihu. Saboda haka kada ta daina magani da kanta don ta sami ciki. Ta fara zuwa awo da wuri, kuma ta haihu a asibiti. Macen da take yawan ɓari, ga ciwon gaɓoɓi ko tabon fuska, ya kamata a auna jininta. Akwai masu lufus da jininsu yake saurin daskarewa, kuma akwai maganin da yake taimaka wa cikin ya zauna.

Haƙƙin mara lafiya a kan iyali

Sau da yawa abin da ya fi ciwon zafi shi ne halin mutane. Mace ta ga gashinta yana zuba, fuskarta ta yi tabo, sai a ware mata kwano da tabarma. Wasu su ce kuturta ce, wasu su ce sammu ne. A zargi kishiya ko maƙwabciya, zumunci ya lalace, a kashe kuɗi wajen karya abin da ba a yi ba. Kafin a kai ta asibiti ƙoda ta riga ta gaji.

Maigida yana da babban aiki a nan. Shi zai ba da izini, ya nemi kuɗin mota, ya tabbatar magani bai yanke ba. Uwar miji da sauran matan gida su rage mata aikin rana, kamar ɗebo ruwa da shanya. Gajiyar da take ji ta gaske ce, ba ƙiwa ba ce. Masu unguwanni da limamai da malaman yaƙi da jahilci su ma suna iya wayar da kan jama'a cewa ciwon ba ya yaɗuwa. Ranar 10 ga watan Mayu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da masu lufus a duniya.

Alamomin da ba sa jiran gobe

A garzaya asibiti nan take idan mara lafiya ya sami ɗaya daga cikin waɗannan: kumburin fuska da ƙafa tare da raguwar fitsari, ko fitsari mai jini, numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji, farfaɗiya ko ruɗewa, zazzaɓi mai zafi ga wanda yake kan magani, shaƙewa wajen haɗiyar ruwa, ko yatsa da ya yi baƙi.

Wanda kuma fatarsa ce kaɗai ta sauya, ga ma'auni mai sauƙi. Idan babba ne, ya yi wata guda yana shafa mai safe da yamma ɓawon bai ragu ba, ko hunturu ya wuce abin yana nan, to ya je a auna shi. Idan akwai rama, ko zazzaɓi, ko kaluluwa, ko ciwon gaɓoɓi, kada ma ya jira watan ya cika. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin bushewar fata ta hunturu da wadda take bukatar awo?
2. Waɗanne alamomi 4 ne ake gane ciwon lufus da su?
3. Yaya ake bambanta tabon kuturta da tabon lufus?
4. Me ya sa awon fitsari yake da muhimmanci ga mai lufus?
5. Wane taimako maigida da mutanen gida za su iya yi wa mai wannan ciwo?